Mazubin dalmar birgi: wa zai saya ya ci riba, wa ya kamata ya bar shi a shago

Duk masuncin da ke jefa birgi a Gulbin Rima, ko a bakin madatsar ruwa ta Goronyo, ko a tafkin Kware, ya san ba zare kaɗai ke ƙarewa a jikin birgi ba. Dalmar da ke gindinsa tana zubewa ɗaya bayan ɗaya, wata ta maƙale a kututture, wata ta saɓule daga igiya. Birgin da ya rasa dalma a gefe guda ba ya buɗewa daidai a iska, ba ya nitsewa tare, kifi ya samu ƙofa ya fice. Wannan ne ya sa wasu masu ɗinka birgi suka fara sayen mazubin dalma na alminiyam, irin wanda ake shigowa da shi daga waje, domin su riƙa zuba tasu da kansu. Tambayar ita ce ko kuɗin da aka sa a ciki yana dawowa, da kuma ko aikin ya dace a yi shi a gida.

Mazubin dai ɓari biyu ne da ke haɗe da juna ta baya, suna buɗewa kamar littafi, kowane ɓari da mariƙinsa na katako. A ciki akwai gurabe masu siffar ƙwan zabuwa, a bisa kowane gurbi akwai ƙaramar kafa da dalma ke shiga. Sai siraran sandunan ƙarfe da ake kwantarwa a tsakiyar guraben kafin a rufe, su ne ke barin ramin da igiya za ta bi. Akwai mai gurabe iri ɗaya, akwai mai girma daban-daban. Mai ɗinka birgi ya sayi na farko. Na biyun yana da kyau a ido, amma gurbi ɗaya ko biyu kaɗai za su yi masa amfani a kowane zubi, sauran ɓata lokaci ne.

Ta fuskar aiki, kayan ya yi kyau. Alminiyam ba shi da nauyi, yana saurin ɗaukar zafi, ba ya tsatsa, kuma sai zafi ya kai digiri 660 a ma'aunin Celsius yake narkewa, alhali dalma tana narkewa tun a digiri 327. Abin da ya fi komai jan hankali shi ne daidaito. Dalmar da aka saba yankowa daga falle a naɗa a igiya a matse da filaya, wata ta fi wata nauyi, kuma bakinta mai kaifi yana cin zare. Wadda ta fito daga mazubi sumul take, nauyinta ɗaya, idan ka ɗora goma a sikeli da ƙyar ka ga bambanci. Raunin mazubin kuwa yana wurin taushinsa. Wanda ya saba bugun ƙarfe da guduma, ya ɗauki wannan hannun ya kai wa alminiyam, cikin mako guda zai lotsa bakin, ɓarin biyu su daina haɗuwa ruf, dalma ta riƙa tsiyaya tana fitowa da fiffike a gefe. Da ɗan guntun icce ake ƙwanƙwasa shi, a wajen mahaɗin baya, ba a kan fuskar gurbi ba. Mariƙin katakon ma yakan saki da zafi, sai a riƙa ɗaure shi. Kafin ka biya kuɗi, rufe shi ka ɗaga wajen rana. In haske yana ratsowa ta tsakani, ajiye shi ka nemi wani.

Mazubi shi kaɗai ba ya aiki. Ana buƙatar ƙaramin kasko na baƙin ƙarfe mai kauri, da ludayin ƙarfe mai ɗan baki a gefe, da tsohon cokali mai dogon hannu na kwashe datti, da filaya, da magagari. Kada a yi amfani da tukunyar alminiyam ta girki. Ba za ta narke nan take ba, amma zafi yana raunana ta, dalma kuma tana da nauyin da ido ba ya gani: cikin lita ɗaya kilo 11 ne da ɗan ɗori. Gindin tukunyar yana iya ɓallewa, narkakkiyar dalma ta kwarara a ƙafafun mutum. Kasko da ludayi, maƙeran Sakkwato, irin na unguwar Maƙera Assada, suna iya ƙera su yadda ake so. Akwai kuma tukunyar narki mai aiki da lantarki, kamar ta kamfanin Lee mai ɗaukar kusan kilo 4 da rabi, wadda ke cin wat 500. Amfaninta shi ne tana riƙe zafi a wuri guda. Sai dai wanda zai yi odarta ya tabbata mai bolt 220 ce, don ta kasuwar Amurka 110 ce, kuma ya tuna idan aka ɗauke wuta tsakiyar aiki dalmar daskarewa take a ciki. Ga yawancin mutane a nan, risho mai gas ya fi dacewa.

Mutane da yawa suna zaton makamashi ne zai cinye ribar. Ba haka ba ne. Zafin da ke narka kilo ɗaya na dalma bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na zafin da ke kai lita ɗaya ta ruwa ga tafasa ba. Inda kuɗi ke tafiya shi ne dalmar kanta, da abin da ake asara a cikinta.

A ɗauki birgi mai tsawon mita 2 da rabi daga tsakiya zuwa baki. Kewayen bakinsa ya kusa mita 16. Idan za a jera dalma mai giram 25 a tazarar santimita 11, ana buƙatar guda 140, wato kilo 3 da rabi. Da mazubi mai gurbi 6, zubi 24 ke nan, aikin da bai fi awa ɗaya ba idan hannu ya faɗa. To amma ba kilo 3 da rabi za ka sayo wurin 'yan gwangwan ba. Tsohuwar dalma tana zuwa da ƙasa, da fenti, da ƙarafan da ke maƙale a jikinta, kuma duk narki sai wani abu ya tafi a datti. Ka sayi abin da ya haura kilo 4, ka auna kafin narki da bayansa, wannan bambancin shi ne zai nuna maka ainihin farashin kilo. Daga nan lissafin a fili yake: ka cire wannan farashin daga abin da ake sayar da kilon gyararriyar dalma a kasuwa, abin da ya rage shi ne ribar kilo ɗaya. Ka raba jimillar kuɗin mazubi da kasko da ludayi da kayan kariya da wannan ribar, za ka ga kilo nawa za ka zuba kafin uwar kuɗi ta dawo. Masuncin da ke ɗinka birgi ɗaya ko biyu a shekara zai daɗe bai ga kuɗinsa ba. Wanda ke ɗinka wa jama'a, ko masunta da suka haɗa kuɗi suka sayi ɗaya, su ne lissafin ke yi wa daɗi.

Zaɓen dalma shi ne rabin aikin. Tsofaffin dalmomin birgi da na taru su ne mafi sauƙi. Sai tsohon bututun dalma da falle. Akwai kuma 'yan ƙarafan da ake maƙala wa ƙafar mota domin daidaita taya. Na da can dalma ne da ɗan wani sinadari mai suna antimoni, suna zubuwa da kyau, amma na yanzu da yawa tutiya ne ko baƙin ƙarfe. Duba jikinsu: mai alamar Zn tutiya ce, mai Fe ƙarfe ne. In babu alama, matse da filaya, dalma tana lotsewa, tutiya ba ta yi. Wannan tantancewa ba ta ganin dama ba ce. Tutiya tana narkewa a digiri 420, don haka idan wuta ta yi yawa sai ta shige cikin dalmar, kasko gaba ɗaya ya koma kamar kunun da ya yi gudaji, ya ƙi cika gurbi, kuma babu yadda za a raba su a gida.

Batirin mota kuwa, kada a kusance shi, ko kyauta aka ba ka. Cikinsa ruwan asid ne, kuma yawancin abin da ke jikin farantansa ba tsantsar dalma ba ce, gari ne mai tashi ya bi iska ya shiga huhu. Dattin da ke fitowa daga narkinsa, idan ya haɗu da danshi, yana iya fitar da iska mai guba wadda ke kisa. Abin da ake samu a ciki bai kai wahalar ba, balle haɗarin.

Yadda ake zubin: a zuba dalma cikin kasko tun yana da sanyi, sannan a kunna wuta, domin duk danshin da ke jikinta ya ƙone kafin ta narke. Da ta narke, a jefa guntun kyandir kamar ƙwayar gyaɗa ko ɗan busasshen garin katako, a motsa a hankali. Zai yi hayaƙi, wani lokaci ya kama da wuta, sai datti ya taso sama baƙi-baƙi, a kwashe da cokali a zuba cikin gwangwani mai murfi. Kafin nan an riga an turara cikin mazubin da sandunansa da baƙin hayaƙin kyandir, shi ke hana dalma kamawa. A ɗora mazubin a gefen wuta ya yi zafi sosai, haka ludayin. A kwantar da sanduna, a rufe, a zuba a tsaye ba tare da yankewa ba har ɗan tsibi ya taru a bakin kafa. Cikin 'yan daƙiƙu za ka ga ƙyallin ya dushe. A buɗe, a zare sandar da filaya tun dalmar tana da zafi, don in ta huce tana riƙe ta gam. Daga baya a yanke wutsiyar, a goge bakin rami don kada ya ci igiya.

Dalmar da kanta take faɗin abin da ya faru. In ta fito da tamoji kamar fatar tsoho, ko ba ta cika gurbi ba, mazubin ko narkin bai yi zafi ba, kuma zubi biyu ko uku na farko kusan kullum haka suke, a mayar da su kasko. In ta fito fari-fari kamar an barbaɗa mata gari, ko tana daɗewa ba ta daskare ba, zafi ya yi yawa, a rage wuta a bar mazubin ya sha iska. Zafin da ake so yana tsakanin digiri 370 da 400. Masu aiki da gawayi da zugazugi su fi kowa lura, don nan da nan ake wuce gona da iri. Da zarar gindin kasko ya fara ja, an haura digiri 500, a nan ne tururin dalma ke ƙaruwa, ga shi ba a ganinsa ba a jin warinsa.

Ruwa shi ne babban abokin gabar wannan aiki. Ɗigo ɗaya da ya shige ƙarƙashin narkakkiyar dalma, a jikin jiƙaƙƙen guntu ko ludayi mai sanyi, yana zama tururi nan take ya watsa abin da ke cikin kasko sama, a fuska da ƙirji. Da damina kada a fara in hadari ya haɗu, kuma kada a ƙara ɗanyen guntu cikin narki sai an gasa shi a gefen wuta. A watannin zafin Sakkwato, Maris zuwa Mayu, a yi aikin da sanyin safiya, a ɗaura ƙyalle a goshi saboda gumi. Zafin garin yana sa mutum ya so ya zauna da singileti da silifa, amma dole ne a sa riga mai dogon hannu ta auduga, da rufaffen takalmi, da safar hannu ta fata, da tabarau mai kare ido. Yadin roba narkewa yake ya manne a fata.

Abin da ya sa ba za a ce kowa ya saya ba shi ne yara. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan gubar dalma. A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma da Bagega, yara kusan 400 suka rasu saboda ana daka duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano abin ta fara magani. A 2015 hakan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa. Ƙurar dattin narki da garin da magagari ke zubarwa suna kwanciya a ƙasar tsakar gida, iskar hunturu ta watsa su, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa mai tasowa, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Mai juna biyu ma tana isar da ita ga abin da ke cikinta.

Saboda haka kalmar gida ba ta dace da wannan mazubi ba sam. Wurinsa fili ne a waje, nesa da rijiya da murhu da inda yara ke wasa, a shimfiɗa falle na ƙarfe a ƙasa don tara abin da ya zuba, mai aiki ya zauna iska tana bugun bayansa. Ba a cin goro ko shan shayi ko taba sai an wanke hannu da sabulu. Kayan aiki a tuɓe su a can, a wanke su daban da na iyali. Kasko da ludayin da suka taɓa dalma sun yi sallama da kicin har abada, a yi musu alama da fenti don kada wata rana a soya ƙosai a ciki. Gwangwanin datti a rufe a mayar wa masu sayen ƙarafa, kada a zuba a bola ko a gulbi.

Wanda ba shi da irin wannan wuri, ko birginsa ɗaya ne tal, ya sayi gyararriyar dalma, ko ya kai tasa tsohuwar wurin maƙerin da ke zubi ya biya ladan aiki. Wasu suna maye gurbinta da noti ko guntayen sarƙa. Yana yi, amma baƙin ƙarfe sai ya kusa ninka girman dalma sau ɗaya da rabi kafin ya kai nauyinta, don haka birgin ba ya saurin nitsewa, tsatsa kuma tana cin igiya, sai an riƙa sauya ta akai-akai.