Gargaɗi kan damfarar zagayen gidajen giya a birnin Prag

Wannan gargaɗi na duk wanda tafiya za ta kai shi Prag ne, babban birnin Jamhuriyar Cek, musamman ɗalibanmu da ke karatu a Hungari da Foland da Jamus, waɗanda kan bi abokan aji zuwa hutun ƙarshen mako. Ko ba ka taɓa kai giya bakinka ba, daure ka karanta. Idan takardar lissafi ta iso tebur, ba a ware wanda ya sha lemo da wanda ya sha giya, duk wanda ke zaune a wurin da shi za a ritsa.

Ita sana'ar zagayawa da baƙi gidajen giya a karan kanta doka ta san da zamanta. Mutanen Cek sun fi kowace al'umma a duniya shan giya idan aka raba bisa yawan jama'a. A garinsu na Plzeň aka fara dafa giyar nan garai-garai da ake kira Pilsner a 1842, kuma a Prag akwai gidan U Fleků da ke dafa tasa tun 1499. Shi ya sa kamfanonin yawon buɗe ido ke sayar da zagaye da ƙafa. Jagora ya kwashi mutum goma ko sha biyu, ya bi da su mashaya uku ko huɗu cikin kamar awa uku, a kowace a ɗanɗana ƙaramin kofi, yana ba su tarihin unguwa. Masu yin wannan tsakani da Allah suna nan da yawa. A inuwarsu 'yan damfara suka raɓe.

A Oktoban 2024 majalisar birnin ta hana kamfanoni shirya zagayen mashaya na dare, wanda ake tallatawa da sunan "pub crawl", daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, saboda mazauna tsohon gari sun gaji da hayaniya da ƙazanta. Tarar mai shiryawa tana iya kaiwa koruna 100,000 (koruna shi ne kuɗin ƙasar Cek). Saboda haka duk wanda ya tallata maka zagayen da za a soma ƙarfe 9 a kai har 2 na dare da jagora a gaba, haramtaccen kaya yake sayar maka tun kafin a zo maganar kuɗi. Wanda kuwa bai ji tsoron 'yan sandan birni ba, ba kai baƙo zai ji wa kunya ba.

Damfarar takan fara tun kana gida, a waya. Shafi ne a Instagram ko Facebook, ko wani gidan yanar gizo mai kyan gani, da hotunan da aka kwaso daga shafukan kamfanonin gaskiya, da yabon kwastomomi da aka rubuta duk a mako guda da salo iri ɗaya. Farashi rabin na kowa, wai giya iya cikinka. Da ka nuna sha'awa sai a ja ka zuwa WhatsApp, a ce saura gurbi biyu, ka tura kafin alƙalami yanzu ta asusun wani mutum, ko ta manhajar tura kuɗi ta Revolut, ko ta PayPal a layin 'yan'uwa da abokai, ko da kuɗin kirifto. Ba don sauƙinka aka zaɓi waɗannan hanyoyi ba. An zaɓe su ne don kuɗin da ya bi ta cikinsu da wuya ya dawo. Sai a turo maka tikiti mai lambar QR da ba ta buɗe komai, a ce mahaɗa ƙarƙashin agogon nan na Dandalin Tsohon Gari, wanda aka kafa tun 1410. Wurin kullum maƙil yake da ɗaruruwan mutane da jagorori masu ɗaga lema kala-kala. Za ka yi rabin awa kana tambayar wannan da wancan kafin ka gane babu mai zuwa, lambar WhatsApp ɗin kuma ta riga ta toshe ka.

Tantancewa ba ta cin minti biyar. Duk wani kamfani ko ɗan kasuwa mai rajista a Cek yana da lamba mai alƙaluma takwas da ake kira IČO. Ka ce a ba ka ita, ka shiga rumbun rajistar gwamnati mai suna ARES, kyauta ne, ka buga ta. Za ka ga sunan kamfanin da adireshinsa da ranar da aka kafa shi. Sai ka gwada sunan da na asusun da aka ce ka tura wa kuɗi. Idan sun saɓa, ko aka shiga yi maka kwana-kwana wajen ba da lambar, magana ta ƙare. Idan ta dandamali irin su GetYourGuide ko Viator ka samo zagayen, ka biya a cikin dandamalin da katinka. Duk wanda ya ce ka soke can ka biya shi kai tsaye zai rage maka kashi ashirin, so yake ya raba ka da kariyar da kake da ita. Ka kuma karanta sharaɗin sokewa kafin ka biya, domin haƙƙin nan na fasa ciniki cikin kwana 14 da dokar Tarayyar Turai ta bai wa mai saye ta intanet bai shafi nishaɗin da aka tsayar wa rana ba. Abin da mai sayarwa ya rubuta shi ke aiki.

Wannan ta farko asarar yuro ashirin ko talatin ce. Mai cizo sosai ita ce ta kan titi.

Da yamma a kewayen Dandalin Wenceslas da titin Dlouhá da ke cike da gidajen rawa, za ka haɗu da matasa masu fara'a riƙe da takardun talla ko abin ɗaurawa a hannu. Wasu na kamfanonin gaskiya ne, wasu 'yan kamasho ne kawai, ana biyansu a kan kowane kai da suka shigar. Maganarsu ɗaya ce: zagaye kyauta, kofin farko kyauta, ko ka biya kaɗan a nan sauran duk an gama. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mashaya ta farko takan zama ta kirki, don hankalinku ya kwanta. Ta biyu ko ta uku ita ce tarkon: ƙasa ake sauka da matakala, babu farashi a ƙofa, ga ƙato a bakin hanya. Jagora ya zaunar da ku, ya ce bari ya je ya taho da sauran 'yan rukuni. Ba zai dawo ba.

Ga yadda ake kumbura lissafi. A mashayar Cek ta gargajiya, mai sabis yakan ajiye 'yar siririyar takarda a tebur, duk kofin da ya kawo ya ja layi ɗaya da biro. Tsari ne mai kyau idan kana kallo. Idan ba ka kallo, layi shida ya zama tara, kuma ba ka da hujja. Akwai kuma al'adar kawo sabon kofi da zarar na gabanka ya ƙare ba tare da ka nema ba. Mutanen gari in sun ƙoshi sukan ɗora faifan kwalin da ake ajiye kofi a kai a bisa bakin kofin, alamar a dakata. Baƙon da bai sani ba sai a yi ta jera masa. Gyaɗa ko burodin da ka tarar a tebur ba sadaka ba ne, ka taɓa a rubuta. Tiren ƙananan kofunan barasa mai ƙarfi da ake zagayawa da shi kamar kyauta shi ma kuɗi ne. A takardar farashi ana iya rubuta kuɗin santilita 2, a kawo maka 4, ka biya ninki. Nama kuwa a rubuta farashin giram 100, a yanko maka giram 400. A ƙarshe a ɗora kuɗin zama da kuɗin hidima da ba a faɗa ba tun farko.

Ka riƙe ma'auni ɗaya a kai: a yawancin mashayun gari na al'ada, babban kofi mai rabin lita bai kai koruna 100 ba, kuma yuro ɗaya yana kusan koruna 24 zuwa 25. A misali, mutum shida, kowa kofi biyu a kan 80, koruna 960 ke nan, kusan yuro 40. Idan aka kawo muku 9,000, ba tsadar Turai ba ce, fashi ne da biro. Kofin kansa yana da layin awo a jiki, 0.5 ko 0.3, kuma ruwan ne ya kamata ya kai layin bayan kumfa ta kwanta. Amma kada ka ta da rigima a kan kumfa kafin ka tambaya, domin akwai salon zubi irin su šnyt da mlíko da ake cika su da kumfa da gangan.

Wanda ba ya sha, ga abin lura. Giyar da aka rubuta wa nealko, irin su Birell, tana iya ɗauke da barasa har rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Mai son kauce wa shubuha ya nemi Kofola, lemon ƙasar ne, ko ruwa a kwalba da za a buɗe a gabansa. Yawancin abin taɓawa a mashaya, kamar utopenec da tlačenka, naman alade ne. Kuma tun kafin a zauna ka gaya wa mai sabis zvlášť, wato kowa da lissafinsa. Wannan kalma guda tana fitar da kai daga bashin mutum goma. Kada ka bar kofinka ka tafi bayi ka dawo ka ci gaba da sha. Gwamnatin Birtaniya tana gargaɗin 'yan ƙasarta kan zuba ƙwaya a abin sha da cajin kati fiye da kima a wasu gidajen rawa na Foland, da kuma lissafin ƙeta a wasu mashayun Budapest, inda salon ya shahara a kewayen titin Váci: 'yan mata biyu su tare ka da tambayar hanya, hira ta yi daɗi, su ce sun san wani wuri mai kyau. Sana'ar ɗaya ce, gari ne ya bambanta.

Wajen biya ake ƙarasa yankan. Kada katinka ya bar hannunka. Ka karɓi na'urar ka dubi fuskarta da idonka kafin ka taɓa: adadin sifili, da irin kuɗin. Tsakanin 850 CZK (koruna) da 850 EUR (yuro) akwai ninki ashirin da wani abu, kuma a duhun mashaya haruffa uku ne kawai suka raba su. Idan aka ce bai shiga ba a sake, ka nemi takardar da ke nuna an ƙi, ka duba alat a wayarka kafin ka sake sa lambar sirri. Idan na'ura ko ATM ta tambaye ka ko a caje ka da yuro ko dala maimakon koruna, zaɓi koruna, domin canjin da na'urar ke yi da kanta kusan kullum ya fi na bankinka tsada. Idan jagora ya ce tsabar kuɗi kawai ake karɓa, ga wani ɗan canji abokinsa, ka ƙi. Masu canjin kan titi sun sha miƙa wa baƙi tsofaffin takardun kuɗin Belarus a matsayin koruna. A shagon canji ma ka lissafa da kanka: yuro 200 a kan 24 koruna 4,800 ne, a kan 17 kuwa 3,400. Tun Afrilun 2019 doka ta ba ka awa uku ka koma shagon da ka yi canji ka fasa, har zuwa kimar yuro 1,000. Don haka kada ka yar da rasit.

Abin da ya sa wannan damfara ta fi kama mutanenmu shi ne kunya. Ɗalibin da aka tatse a gidan giya ba zai kira gida ba, ba zai gaya wa shugaban ƙungiyar ɗalibai ba, ba ya son sunansa ya shiga takardar 'yan sanda kusa da sunan mashaya. Ga tsoron kada abin ya taɓa bizarsa. Masu gidan sun san haka sarai, shi ya sa suke fara yi maka barazana da cewa za su kira 'yan sanda. Ka ce su kira. Gardama a kan lissafi ba laifi ba ne, tsare mutum a hana shi fita kuwa laifi ne. In ba su kira ba, kai ka kira 158, lambar 'yan sandan ƙasa, ko 112 inda ake samun mai jin Turanci. Na birni 156 ne. Idan wani ya ɓullo cikin farin kaya ya ce shi ɗan sanda ne, a nuna masa walat ya duba jabun kuɗi, kada ka miƙa. Ka ce ku tafi ofishinsu tare, ko ka kira 158 a tabbatar da shi.

Idan an kewaye ka, ka ga abin zai kai ga duka, lafiyarka ta fi kuɗi. Ka biya da kati maimakon tsaba, kada ka yarda a raka ka ATM in da hali, ka nemi rasit mai sunan gidan da IČO. Da ka fito ka ɗauki hoton ƙofa da lambar gida da sunan titi, ka rubuta lokaci. A daren ko da sassafe ka je ofishin 'yan sanda ka karɓi takardar rahoto, kana da damar neman tafinta. Ka rufe katin ta manhajar banki, ka shigar da ƙorafin neman a janyo kuɗin, ka haɗa da rahoton da hotuna da hoton tallan da hirarku ta WhatsApp kafin a goge. A tsarin Visa da Mastercard wa'adin yakan kai kwana 120, amma wasu bankuna na da nasu da ya fi gajarta, kuma cajin da ka sa wa lambar sirri da hannunka ya fi wuyar janyowa, shi ya sa rahoton 'yan sanda yake da nauyi. Ƙorafin farashi da awo kuma hukumar sa ido kan kasuwanci ta Cek, ČOI, ake kai wa, tana karɓa ta intanet ko bayan ka bar ƙasar.