Na ba wani dattijo a Tudun Wada aikin tsara wa 'yan badujalarmu waƙar rok

Ni ke kula da 'yan badujalar makarantarmu a nan Jos, yara 23 ne, kuma shekara da shekaru kiɗan maci guda uku muke juyawa. Bana da wasannin gidaje, wato gasar motsa jiki tsakanin rukunonin ɗaliban makaranta, suka matso, yaran suka tsaya kai da fata sai an koya musu Seven Nation Army, waƙar nan ta ƙungiyar mawaƙan rok The White Stripes da ta fito a 2003. Yawancinsu ba su san sunanta ba, a gidan kallon ƙwallo suka ji 'yan kallo na rera ta, tun da magoya bayan Italiya suka yayata ta a gasar cin kofin duniya ta 2006 ta zauna a filayen wasa. Na sauko da wata takardar kiɗa kyauta daga intanet, muka gwada mako guda, abin ya ƙi. Sai aka yi min kwatancen wani dattijo a Tudun Wada, tsohon mai busa ne da ya yi ritaya, yana rubuta wa ƙungiyoyin badujala kiɗa.

Da na same shi na ɗauka kuɗi zai fara faɗa. Ya ce, "Malam, ba zan rubuta komai ba sai na ji yaranka." Ya hau Keke ya zo har makaranta ranar Laraba, ya sa kowane yaro ya busa shi kaɗai, yana rubutu a wani ɗan littafi. A nan ya gane cewa cikin masu tarampet shida, biyu ne kawai ke iya hawa sama ba tare da muryar ta fashe ba, kuma tubarmu, babban ƙahon nan mai kaurin murya, guda ɗaya ce, mai busa ta bai cika shekara 14 ba. Wannan zuwan shi ne ya fi komai daraja a aikin, don abin da ya kawo daga baya an ɗinka shi ne daidai jikin waɗannan yaran.

Ya bayyana min dalilin da takardar intanet ta gagare mu. An bar waƙar a kan E maino kamar yadda take a jita. Tarampet kuwa ana rubuta mata kiɗa mataki ɗaya sama da abin da kunne ke ji, sai ta faɗa F shaf maino mai shaf uku, wato alamomin ɗaga sauti, saksafon alto kuma shaf huɗu. Yaro mai koyo, yana tafiya, yana kallon layinsa, ba zai iya wannan ba. Baba ya ɗaga waƙar rabin mataki zuwa F maino, masu tarampet suka koma G maino. Sautuka bakwai ɗin nan da kowa ya sani ya rubuta su da solfa, la la do la so fa mi, a ƙarƙashin kowanne ya sa lambar yatsa: 0, 0, 1, 0, 1, 23, 13. A rana ɗaya suka kama.

Inda na fi jinjina masa shi ne yadda ya magance maimaici. Waƙar a asali jita ce da ganga da murya, abu ɗaya ake ta juyawa, ƙarar jita ce ke sa ta tashi. Mu ba mu da jita. Sai ya fara da tuba da babbar ganga kaɗai, zagaye biyu, sannan tirombon su shigo, sannan saksafon su ɗauki layin mawaƙin, tarampet suna shiru har sai an zo amshi su faɗo gaba ɗaya. Wurin da Jack White, mawaƙin ƙungiyar, ke jan ƙarfe a kan igiyar jita, ya ba wa tirombon su ja sandarsu, kuma wallahi ya zauna. Ya kuma raba wa mai tuba aiki da mai yufoniyam, ƙaho mai kama da tuba amma bai kai ta girma ba, suna karɓa-karɓa, don yaron ya samu numfashi. Gudun waƙar ya ɗan zarce taku 120 a minti da ake maci da shi, ya saukar da ita daidai ƙafa, ya rage tsawonta zuwa kamar minti biyu, da wani yanki da za a iya maimaitawa idan layin masu fareti bai gama wucewa ba.

Akwai inda ban ji daɗi ba. Mun yi da shi mako biyu, sai da ya ƙara kwana tara, ga sanyin Janairu, da sassafe ƙarfe ya yi sanyi busa tana sauka ƙasa, kwanakin atisaye kuma ƙidayayyu ne. Da fensir ya rubuta takardun, da na kai kasuwar Terminus a yi hoto wasu layukan ba su fito ba, sai da na bi su da biro. Babban abin kuma, bai rubuta wa masu ƙananan ganguna komai ba, da baki da tafi ya koya musu. Uku daga cikinsu za su gama makaranta bana, kuma da kiɗan za su tafi a kansu. Na roƙe shi ya rubuta, ya ce to, har yau ina jira.

Naira dubu 40 na biya, har da zuwansa atisaye sau biyu. Wanda zai ba shi aiki ya je da wuri, wata biyu kafin ranar, ya kuma sa rubutun ganguna cikin ciniki tun farko. Ranar wasa, da tuba ta fara, 'yan gida mai launin ja da ke zaune a rumfa suka ɗauki amshi tun kafin tarampet su shigo, har shugabar makaranta ta aiko a sake zagayawa. Na riga na kai masa waƙa ta biyu don Ranar Yara, 27 ga Mayu.