Tsohon takobin Turai ta hoto: wanne za ka zuba wa kuɗinka?

In dai ta hoto za ka sayi tsohon takobin Turai, shawarata ka nemi wanda yake ɗauke da rubutun da za ka iya bincikawa, ƙyalli da kyan lanƙwasa su biyo baya. Akwai guda huɗu da za ka yi ta cin karo da su a shafukan gwanjo.

Wanda kowa ke mutuwar so shi ne na sojan dokin Ingila samfurin 1796, wanda John Le Marchant ya tsara. Lanƙwasasshe ne sosai, ruwansa na ƙara faɗi wajen tsini, wallahi kyau kam akwai shi. Amma nan ne aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa, don jabunsa sun cika kasuwa, ga kuma na Furusiya (tsohuwar masarauta a Jamus) samfurin 1811 da ake kira Blücher wanda aka kwaikwayo daga jikin na Ingilan, a hoto kamar an tsaga kara sai dai ƙotar na Furusiyan ta fi kauri da nauyi. In kai sabon shiga ne ka ɗan dakata da shi tukun.

Sai ɗan guntun nan briquet na sojan ƙasan Faransa zamanin Napoleon, ruwansa wajen santimita 60, ƙotar tagulla zubi ɗaya. Yana da sauƙin kuɗi, matsalar ƙasashe da yawa sun yi irinsa, ganin siffar kaɗai ba zai ce maka na Faransa ba ne.

Ni inda hankalina ya fi kwanciya shi ne na sojan dokin Faransa samfurin 1822. Faransawa suna rubuta sunan masana'anta a gadon bayan ruwan, Klingenthal ko Châtellerault, har da wata da shekarar da aka ƙera, sannan kusa da ƙota akwai ƙananan tambarin sufetocin da suka duba shi. To kaga kana da abin kamawa, misali ita Châtellerault a 1819 aka kafa ta, duk wanda ya nuna maka ruwa mai sunanta yace an je yaƙin Waterloo da shi a 1815 ka san zuƙi ta malle ce. Sau da yawa ma akwai lamba a ƙota da kube, in sun zo ɗaya alama ce kuben nasa ne.

Na hafsoshin Ingila samfurin 1897 shi ma yana da daɗin karantawa, miƙaƙƙe ne, kuma a jikin garkuwar hannun akwai haruffan mai sarauta: VR na Sarauniya Victoria zuwa 1901, ER VII na Sarki Edward VII zuwa 1910, GR V na Sarki George V zuwa 1936. In na kamfanin Wilkinson ne za ka ga lamba a bayansa. Ka dai tuna har yau ana ƙera shi don fareti, ba kowanne ne tsoho ba.

Tambarin kyarkeci mai gudu kuwa, wanda asalinsa na garin Passau ne a Jamus kafin maƙeran garin Solingen su ara, kar ya ruɗe ka. Ruwan takubban Jamus sun tsallako Sahara har aka sa musu ƙotar gida a takubban Buzaye da namu, maƙeranmu kuma suka riƙa buga tambura irin na Turai a nasu aikin, don haka tambari shi kaɗai ba shaida ba ne.

Kafin ka tura ko sisi ka ce a ɗauko maka hoton takobin gaba ɗaya a waje da kube da tef ɗin awo a gefe, da gadon bayan, da gindin ruwan ta fuska biyu, a hasken rana. Sannan ƙarshen ƙota ta sama, wurin da aka daddake wutsiyar ƙarfen ruwan da ta ratso ta cikin ƙotar. A samfurin 1796 da 1822 dakan guduma ya kamata ka gani wanda ya yi duhu daidai da sauran ƙarfen, in ka ga noti ko sabon daka mai ƙyalli to ko an taɓa kwance shi an haɗa ko kuma sabon aiki ne. Ka kuma tambayi dokar kwastan ta ƙasarka kan shigo da shi tun kafin ka taya.