Lantiy na wata-wata a zafin Yamai: gishiri ne matsalar

Masu tambayata kan lantiy ɗin nan masu laushi da ake mannawa a ido maimakon tabarau, to ga abin da na gani. Gani dai ras wallahi, ba nauyi bisa hanci, in kana kan moto kana hango gefe da gefe. Amma kafin watan ya cika sai wani farin abu ƙanana ƙanana ya fara fitowa jikinsu, ido ya dinga yin kamar an zuba mai rairayi.

Lokotoron ido ne ya warware min. Hawayenmu da kansu akwai gishiri ciki wajen kashi 0.9 cikin 100, daidai da sirom, ruwan gishirin nan na ɗauraya da ake saye a farmasi, shi kuma lantiy mai laushi ruwa ne ke riƙe da shi, wani kashi 38 wani har ya wuce 70. To a iskar hunturu ko zafin Afrilu da ake wuce digiri 40 ga kilim ɗin biro kuma, ruwan ke tashi gishirin ya zauna, in ya yi yawa sai ya tsotse ruwan lantiy ɗin ya takura ya kama ido tsam. Wanda ya fi ruwa ma shi ya fi saurin bushewa, abin mamaki. Mafi muni shi ne kalsiyom da ke haɗuwa da maiƙon hawaye ya daskare, wannan ko ka murza bai fita, in ma ya fita sai ya bar ɗan rami a jikin robar.

Kokon ajiyar lantiy ɗin ma haka, ka bar murfi a sake ruwan maganin da ake jiƙa su ciki ya ƙafe ka ga fari fat a gindi. Kada a ƙara sabon ruwa kan tsoho, a zubar, kuma kokon a canza shi duk wata 3. Sirom ɗauraya kawai yake, bai kashe ƙwayar cuta. Ruwan pampo kuwa ko kusa, akwai wata ƙwaya Acanthamoeba da ke iya cinye baƙin ido.

Da damina na wata-watan ba laifi, ina sa su lafiya lau. Da hunturu kam na koma na kullum da ake yarwa da dare, tsada gare su gaskiya aljihu na ji, ran da ƙura ta taso sosai kuma tabarau na nake ɗauka kawai.