Karatun injiniya a Isra'ila: kaya, hidima, da inda Ibrananci ke tare hanya

'Yan'uwa na gida masu tambayar yadda karatun injiniya da kimiyya yake a nan, abin da za ku fara tantancewa shi ne matakin da kuke nema, domin shi ke yanke maganar harshe. Digirin farko kusan duka da Ibrananci ake yin sa. Akwai 'yan tsirarun kwasa-kwasai da Turanci, kamar injiniyan lantarki a Jami'ar Tel Aviv, amma kuɗinsu ya ninka na 'yan ƙasa. Digiri na biyu da na digirgir kuwa lamarin ya sha bamban. Cibiyar Weizmann da ke Rehovot ba ta ma ɗaukar ɗaliban digirin farko, Turanci ne harshen karatunta, ba a biyan kuɗin makaranta, kuma ɗalibi na karɓar alawus duk wata. Reshen Jami'ar Ben-Gurion da ke Sede Boker, can cikin hamadar Negev, shi ma da Turanci yake koyar da ilimin ruwa, hasken rana da noman ƙasa mai fari. A ganina wanda ya gama digirinsa a Zariya ko Kano ko Bauchi sannan ya nemi na biyu, shi ya fi cin riba. Ɗan sakandare da ya ce sai Technion, jami'ar fasaha ta Haifa, da Ibrananci, to akwai shekarar share fage da suke kira mekina, da jarrabawar shiga jami'a ta psikometri mai maki daga 200 zuwa 800, da wata ta harshe mai suna Yael, duk kafin ya ga ƙofar aji.

Makarantar koyon harshen sunanta ulpan. A Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus mataki shida ne, daga alef zuwa vav, kuma na lokacin bazara kan ci awa huɗu zuwa biyar a rana, kwana biyar a mako. Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya ci rabin hanya bai sani ba. Baƙaƙe 22 ne, daga dama zuwa hagu, ba a sa wasula a rubutun yau da kullum, biyar daga cikinsu na canza kama a ƙarshen kalma. Kalmomi daga tushe mai baƙi uku suke tsirowa kamar na Larabci: katav ya rubuta, miktav wasiƙa, tushen da ya ba mu littafi ke nan. Yom rana ce, bayit gida ne. Ranakun mako ƙirga su ake yi, revi'i ita ce Laraba, hamishi Alhamis, shabat kuma Asabar ɗinmu ce. Har kai da ke suna da su, ata da at, abin da ke rikita Bature amma Bahaushe ko a jikinsa.

Inda ake faɗuwa wani wuri ne daban. Rubutun hannu bai yi kama da na ɗab'i ba ko kaɗan, kuma da shi malami ke cika allo. Ɗalibi zai iya karanta tambarin shago tsaf, ya shiga aji ya ga kamar kaji sun yi tono. A koyi na hannu tun makon farko. Na biyu, taƙaita kalmomi: darasin lissafin kalkulas hedva ake ce masa, harufan farko ne aka harhaɗa, ba za ka gane shi daga tushe ba. Na uku ya fi ɓoyuwa. Ko da kwas ɗin na Turanci ne, ajin bita da suke kira tirgul, da tsofaffin takardun jarrabawa da ɗalibai ke miƙa wa juna, da hirar rukunin WhatsApp, yawanci da Ibrananci suke gudana, kuma a nan ake sanin abin da zai fito.

Jarrabawa zama biyu ce, mo'ed alef da mo'ed bet. Ana iya sake zama don ƙara maki, sai dai a yawancin wurare makin ƙarshe ake ɗauka ko da ya fi na farko muni. Mai 70 da ya koma neman 85 zai iya tashi da 50. A Technion 55 ne makin tsira. Injiniya shekara huɗu ce, ba biyar irin ta Najeriya ba, kuma mai niyyar komawa gida ya adana kowace takarda don tantancewar Ma'aikatar Ilimi, da hidimar ƙasa, da rajistar COREN, hukumar injiniyoyi ta Najeriya.

Ta fuskar kayan aiki ba a haɗa su da na gida. Wuta ba ta ɗaukewa, don haka gwajin da ke bukatar injin ya kwana uku yana aiki zai kwana ukun, babu mai lissafin man janareta. Na'urar da a gida ake kulle ta sai ranar da baƙi suka zo, a nan ɗalibi kan yi horon kiyaye haɗari, ya yi rajistar awanninsa ta intanet, ya shiga da katinsa. Amma soket ɗinsu ba irin namu ba ne. Ƙarfin wutar ɗaya ne, 230, sai dai fulogin Ingila mai ƙafa uku masu faɗi ba ya shiga, mai siraran ƙafa biyu irin na Nijar ne ke shiga. Ruwan famfo ana sha, kaso mai yawa daga teku aka tace shi a Ashkelon, Hadera, Sorek da sauransu, amma a wurare da dama yana barin farin ƙanzo a butar shayi. Ruwan wanka tanki ne a kan rufi, dud shemesh, rana ke ɗumama shi. Da hunturu sai a kunna masa lantarki kamar rabin awa zuwa awa guda, kuma wanda ya manta bai kashe ba, takardar kuɗin wuta za ta tuna masa.

Haya ita ce mai cinye alawus. Wanda ya sami ɗakin kwanan ɗalibai ya riƙe shi da hannu biyu. A cikin gari ba a biyan shekara a dunƙule kamar gida, amma mai gida kan nemi cekin banki goma sha biyu masu kwanan wata na gaba, da wanda zai tsaya maka, abin da baƙo ba shi da shi. Bayan haya akwai arnona, harajin gari da ɗan haya ke biya, da va'ad bayit na sharar bene da gyaran fitilarsa. Yarjejeniyar da Ibrananci take, kada a sa hannu sai wani ya karanta. Bizar ɗalibi, A/2, shekara guda take yi ana sabuntawa, ba ta ba da izinin aiki, kuma inshorar lafiya ta kamfani za ka saya don ba ka cikin ta gwamnati. Nijar ba ta da hulɗar jakadanci da Isra'ila, don haka ɗan Maraɗi ko Damagaram sai ya nemi biza a wata ƙasa.

Cefane da tsada. Harajin kaya kashi 18 cikin ɗari ne tun farkon 2025, amma ba ya hawa kan ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itace, shi ya sa tumatir da kokwamba suka fi komai dama-dama, naman shanu kuwa sai ranar biki. Gero da dawa sai an sha nema. Da solet, wato samolina, ake tuƙa tuwo. Kuɓewa bamya suke ce mata, zoɓo na kasuwannin Larabawa da sunan karkade, manja da garin kwaki kuma sai shagunan 'yan Afirka da ke kusa da babbar tashar mota a kudancin Tel Aviv. Tambarin kosha na nufin babu alade kuma ba a haɗa nama da madara ba, amma bai hana giya ba, don haka a duba abin da aka zuba. Mahautan halal na nan a Yafa, Nazarat, Haifa, da Rahat kusa da Bi'irsheba.

Kalanda ma sai an koye ta. Mako Lahadi yake farawa. Daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar jirgin ƙasa da yawancin bas suna tsayawa, shaguna a rufe, sai a wurare irin su Haifa da garuruwan Larabawa ne ake samun motsi. Direban bas ba ya karɓar kuɗi a hannu, kati ne, Rav-Kav, ko manhajar waya. A bikin Yahudawa na Pesah burodi kan ɓace daga manyan shaguna har kwana bakwai, ranar azuminsu ta Yom Kippur kuwa har filin jirgi rufewa yake.

Sai maganar da ba a tsallakewa. Ƙasa ce mai fama da yaƙe-yaƙe, kuma da yawa a gida, saboda abin da ya sami Falasɗinawa a Gaza, ba za su yarda su taka ta ba ko kyauta ne. Wannan hukunci ne da kowa zai yanke da iyalinsa. Wanda ya zo, ya san cewa zangon karatun Oktoba 2023 sai ƙarshen Disamba aka buɗe shi a yawancin jami'o'i, kamfanonin jirage kan soke tashi ba shiri, kuma tambayoyin filin jirgin Ben-Gurion kan yi tsawo. Bizar manne take a fasfo, ƙasashe irin su Lebanon da Iran ba sa karɓar mai ita. Kafin a kama ɗaki a tambaya ko yana da mamad, ɗakin kankare mai ƙofar ƙarfe, ko kuwa sai an sauka miklat, mafakar ƙasan bene. In jiniya ta tashi, a Tel Aviv minti ɗaya da rabi gare ka, don haka a auna tafiyar daga gado zuwa ƙofar da agogo tun ranar farko.