PS4 ko PS5? Ka fara duba talabijin ɗin tukuna

Samarin da ke shirin buɗe gidan gem a Tudun Wada ko Samaru nan Gusau sukan ɗauka tsadar na'ura ce ke kawo kyan hoto. Ido kuwa haske yake bi, yadda inuwa ke sauka a kan ciyawar fili da rigar ɗan wasa, sai kuma santsin motsi. Ƙwallon da ke gudu a hoto 60 cikin daƙiƙa ta fi daɗin kallo nesa ba kusa ba a kan mai tsinkewa a 30.

Ni dai PS4 Slim ce tawa, na'urar wasan bidiyo ta PlayStation wadda ta fito a 2016. Tana ba da hoton 1080p (ɗigon hoto 1920 da 1080) tsaf, kuma a allo mai inci 32 ko 43 da wuya mai wasa ya ce ya rasa wani abu. Ba ta da cin wuta, ƙaramin janareta ko inbata zai riƙe ta in an ɗauke. Wasannin ƙwallon ƙafa na FC 24 da FC 25 duk sun fito a kanta, masu gyara kuma sun san cikinta kamar yunwar cikinsu. Ƙurar hunturu kawai za ka riƙa kakkaɓe wa fankarta, in ba haka ba ta dinga gurnani.

PS5 ta 2020 ta fi ta haske da saurin buɗe wasa, amma sai da talabijin mai 4K na gaskiya, wato allo mai yawan ɗigon hoto, take nuna kanta. Ita kuma na'urar Xbox Series S ba ta cin faifai, data za ta ƙarar da kai.

Inda aka cuce ni shi ne talabijin. Na sayi wata a wani shago, kwalinta ɗauke da tambarin 4K ƙato, da na haɗa sai ga fuskokin 'yan wasa kamar an shafa musu koko. Ashe allon 1366 da 768 ne, alhali 4K na ainihi 3840 da 2160 ne. Kada ka yarda da bidiyon furanni da mai shago ke kunnawa. Tafi da na'urarka, haɗa a gabansa, ka matsa kusa da allon ka duba ƙananan rubutu, ka kuma tabbatar talabijin ɗin tana da saitin wasa na Game Mode, don in babu sai ka danna ɗan wasa ya yi jinkirin motsawa.

Hannun wasa ma jabu ya cika kasuwa. Ba shi da nauyi, kuma kafin wani lokaci ɗan wasanka zai fara tafiya shi kaɗai ba ka taɓa komai ba. Na'ura 'yar Beljiyom kuwa, in ka ga an ɓamɓare tambarin da ke kan kusoshin bayanta, an taɓa buɗe ta. Ka bar ta a kunne ko da rabin awa kafin ka ƙirga kuɗi.