Kafin Ka Ƙara Ma'aikata: Wace Ƙofar Gwamnati Ce Ta Fi Dacewa Ka Ƙwanƙwasa?

Wani abokina mai injin gyaran shinkafa a bayan garin Kano yana da ma'aikata 18, yana kuma son ƙara 12. Da ya zo shawara, tambaya ɗaya ya yi mini: "Wai gwamnati tana da abin da take yi wa irinmu, ko karɓar haraji kawai ta sani?" Na ce masa akwai ƙofofi, sai dai kowace da wanda ta dace da shi.

Mafi sauƙin samu su ne alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, domin kyauta ake sauke rahotonta a intanet. Amma a karanta da lura. A ƙarshen 2020 hukumar ta ce marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin 100, sai ga shi a zangon farko na 2023 ta ce kashi 4.1 ne. Ba ayyuka ne suka zubo kamar ruwan Agusta ba, mudun awon ne aka canza. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba yana cikin marasa aiki. Yanzu, bisa ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, awa ɗaya ta isa. Matashin da ya yi dakon buhu biyar a Dawanau ranar Laraba, ya zauna sauran kwanakin a majalisa, shi ma mai aiki ne a takarda. Saboda haka kada wannan adadi ya sa ka zaci ma'aikata sun yi wuya.

Abin da ya fi amfanar mai ɗaukar ma'aikata a rahoton shi ne inda ya nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki ba a ƙarƙashin kamfani ko ofis mai tsari suke ba. Ke nan wanda kake zawarci yana da 'yar sana'arsa, ko A Daidaita Sahu, ko teburin cajin waya. Da abin da yake komawa gida da shi kullum zai auna albashinka, ba da na wani kamfani ba. Nawa ake biyan mai walda a Sharada ko Bompai kuwa, NBS ba za ta faɗa maka ba. Wannan sai ka tambayi maƙwabtanka masu masana'anta.

Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da dandalin NELEX, inda ake sanar da gurabe, masu neman aiki kuma su yi rajista. In akawu kake nema ko mai takardar difloma, gwada shi ba asara. In masu lodi ne, kada ka ɓata datarka.

Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, wadda aka kafa zamanin Babangida, tana da ofis a kowace jiha, tana kuma tura matasa koyon sana'a wurin ƙwararru. Kana iya neman waɗanda suka gama, ko kai kanka ka zama mai koyarwa. Ni dai shawarata, takardar kammalawa ba ta ɗaure kusa. Ka miƙa wa yaro sifana ka tsaya ka gani.

Masu yi wa ƙasa hidima su ne suka fi araha a ido. Gwamnatin tarayya ce ke biyansu alawus na naira 77,000 a wata, kai kuma ka rubuta wa ofishin NYSC na jiharka takardar buƙata, ka tanadi masauki ko ɗan abin mota. A ƙarshen 2024 an ɗage takunkumin tura su kamfanoni masu zaman kansu. Sun dace da shigar da lissafi a kwamfuta da tsara takardu. Aibin shi ne suna da ranar hidimar al'umma duk mako, kuma kafin su gama sanin kan aikinka shekara ta zagayo sun tafi.

Inda na fi daɗewa da abokina shi ne batun ITF, asusun horar da ma'aikata da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Jos. Nan ba kyauta ba ce zalla, akwai biya akwai karɓa. Kamfanin da doka ta hau kansa yana biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara. Gyaran 2011 ya sa abin ya fara daga ma'aikata 5, dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a 2023 ta ɗaga shi zuwa 25. Daɗin shi ne in ka horar da ma'aikatanka bisa ƙa'idarsu, kana iya neman a mayar maka da abin da ya kai rabin kuɗin. Sharaɗin sai ka nemi amincewarsu tun kafin horon, ka adana rasit da sunayen mahalarta. Wanda littafin albashinsa a ka yake, ya manta da wannan kuɗi. ITF ɗin ce kuma ke kula da SIWES, inda ɗaliban jami'a da na kwalejin fasaha ke zuwa sanin makamar aiki na 'yan watanni. A wurina wannan ya fi NYSC ga mai injina, domin za ka ga hannun ɗalibin injiniya a kan na'urarka tun kafin ka yi masa alkawarin komai.

Sai muka ɗauko biro. Da 18 da 12, ya zama 30, ya tsallake 25 ke nan. Wannan adadin na 25 shi ne kuma iyakar dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a Yulin 2024. Ma'aikata 30 a kan haka, naira miliyan 2.1 ne a wata. Kason ITF zai kama naira 252,000 a shekara, wanda yana iya dawo da har 126,000. Ga NSITF, asusun diyyar rauni a bakin aiki na dokar 2010, shi ma kashi 1 cikin 100, wato 21,000 duk wata. Wannan kada mai inji ya yi wasa da shi, don ranar da bel ya kama hannun wani zai san amfaninsa. Fansho kuwa, dokar 2014 ta riga ta hau kansa tun yana da 15: kashi 10 daga aljihunsa, 8 daga na ma'aikaci.

Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce shida zai fara ɗauka bana, ya tsaya a 24. Ya nemi ɗaliban SIWES biyu da mai hidimar ƙasa ɗaya da zai gyara masa littafin albashi. Sauran shidan sai bayan kaka, in ya ga yadda farashin shanshera ya kaya.